Zaɓen Masauki a Abuja da Yadda Ake Tayinsa

Duk lokacin da babban hutun makaranta ya ƙarato, a gidaje da yawa akan fara shawarar inda za a kai yara su buɗe ido. Wannan abu ne mai kyau ƙwarai. Mu malaman makaranta mun san bambancin yaron da ya ga Dutsen Zuma da idonsa da wanda ya gan shi a bayan takardar naira 100 kurum. Gani ya kori ji.

A da, in an je birni gidan dangi ake sauka. Amma wadda ta san Abuja ta san yawancin 'yan'uwanmu da ke aiki can a matse suke, ɗaki biyu ne ko uku. A jibge musu mutum bakwai har kwana biyar nauyi ne, ko da kunya ta hana su faɗi. Don haka dole a nemi otal, kuma galibi kuɗin otal shi ya fi cin aljihu a tafiyar duka. Maigida ne zai biya, gaskiya ne. Amma ke ce za ki nemi ruwan yi wa yara wanka da asuba, ke ce za ki goya mai kuka in zafi ya hana shi barci. Saboda haka kada ki bari a yanke wannan magana ba ki sa baki ba.

A fara da unguwa

Kafin a tambayi sunan otal, a tambayi inda yake. Abuja gari ne mai faɗi. Tun da aka mai da gwamnati can daga Ikko ran 12 ga Disamba 1991 yake ta bunƙasa, unguwanninsa kuwa nesa suke da juna.

Ki zauna da maigida ku rubuta wuraren da kuke so yara su gani. Babban Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, yana tsakiyar gari. Lambun shaƙatawa na Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamba 2003, yana Maitama. Gidan namun daji na yara yana wajen Asokoro, gindin Dutsen Aso. Tafkin Jabi yana unguwar Jabi. Wanda ya sauka a Wuse, ko Garki, ko Utako, ko Jabi, duk waɗannan ba su yi masa nisa ba. Otal-otal na Maitama da Asokoro sun fi tsada, gama unguwannin manya ne da jakadu.

Za a ce miki ai Nyanya ko Mararraba ko Kubwa sun fi araha. Haka ne. Amma hanyar Nyanya da Mararraba takan cushe da motocin ma'aikata safe da yamma, kuma tun 2006 aka hana acaɓa a cikin birnin. Watau kullum sai an ɗauki shatar mota zuwa da dawowa, yara suna galabaita a hanya. Abin da aka rage a kuɗin ɗaki sai a zuba shi a kuɗin mota, har da ƙari. Araha ba ta ado. Masu zuwa a jirgin ƙasa daga Rigasa ta Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, su tuna tashar Idu a bayan gari take, sai a sa kuɗin wannan motar cikin lissafi.

Abin da za a tambaya

In an zaɓi unguwa, sai a ware otal uku ko huɗu a cikinta. Taurarin da otal ya liƙa a allonsa da hotunan da ya baza a intanet kada su ruɗe ki, kowane mai talla kyakkyawan gefen kayansa yake nunawa. A buga waya a yi waɗannan tambayoyi, gama matambayi ba ya ɓata.

Na farko, wuta da ruwa. In an ɗauke wuta, janareta yana kwana yana aiki, ko kuwa kashe shi ake yi da tsakar dare? Akwai ruwa a famfo kowane lokaci?

Na biyu, mutum nawa aka yarda su kwana a ɗaki guda? Yawancin ɗakunan otal na mutum biyu ne. Ana ba da ƙarin katifa? Nawa ne kuɗinta? In yara sun tasa, lalle a kama ɗaki biyu masu maƙwabtaka, 'yan mata wajen uwa, samari wajen uba.

Na uku, abinci. Karin kumallo yana cikin kuɗin ɗaki? Na mutum nawa? Sau da yawa na mutum ɗaya ne ko biyu, na sauran sai an biya. Ana barin baƙo ya shigo da abincinsa? Akwai gidajen haya na 'yan kwanaki masu ɗakin girki, ga mai yara ƙanana sun fi sauƙi, domin za ki dama kunu ki dafa abin da suka saba ci.

Na huɗu, kamun kai. Akwai mashaya ko gidan rawa a cikin otal ɗin? In akwai, ba wurin kai iyali ba ne, ko kuwa a nemi ɗakin da ya yi nisa da shi. Akwai masallaci kusa?

Na biyar, lafiyar yara. Babban hutu cikin damina yake faɗowa, lokacin sauro. Tagogi suna da raga? Ko suna da ita, ki sa gidan sauro cikin kayanki. In akwai wurin iyo, an kewaye shi? In bene ne, a roƙi hawa na ƙasa.

In kuna da ɗan'uwa a garin, ku roƙe shi ya je ya leƙa ɗakin, ya buɗe famfo, ya duba banɗaki.

Abin da ya sa otal ke sallamawa

Yawancinmu ba ma sayen ko tumatir ba tare da tayi ba, amma da mun ga akawu da kwat a bayan tebur sai bakinmu ya mutu, mu ɗauka kuɗin da aka rubuta a allo ba ya taɓuwa. Ba haka ba ne. Ɗakin otal ya fi tumatir saurin lalacewa. Mai atamfa in bai sayar yau ba ya sayar gobe. Amma ɗakin da ya kwana ba kowa a daren Asabar, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan, alhali an biya ma'aikata, an sha mai a janareta. Don haka manaja ya gwammace ya karɓi abin da ya kasa na allo da ya bar gado ya kwana shi kaɗai.

Abuja kuwa garin ofis ne. Baƙinta galibi masu zuwa taro ne da masu neman aiki a ma'aikatu, daga Litinin zuwa Alhamis. Da an sauko daga Juma'a da yawa sukan kama hanyar gida, ɗakuna su yi sauƙi. In an shirya tafiya ta haɗa da Juma'a da Asabar da Lahadi, tayi ya fi karɓuwa. Amma a kiyayi makon da ake babban taron siyasa ko na ƙasashe, nan mai ɗaki shi ne sarki.

Yadda ake tayi

Da farko a san kuɗin sauran otal-otal na unguwar, gama wadda ba ta zaga kasuwa ba ba ta san abin da za ta taya ba. Sa'an nan a nemi manaja, domin sau da yawa akawun da ke karɓar baƙi ba shi da ikon yin ragi. A gaya masa ɗaki nawa, kwana nawa, daga yaushe zuwa yaushe. Mai kama ɗaki biyu kwana huɗu mai sari ne, ya cancanci farashin sari. A yi tayi cikin ladabi, kada a yi tayin wulaƙanci. In ya ce albarka, a ɗan ƙara. In ya kafe a kan kuɗi, to a nemi gyara: karin kumallon yara, ko ƙarin katifa kyauta, ko a bar ku har la'asar ranar tashi maimakon sha biyun rana da aka saba. Kamfanonin da ke kama wa mutane ɗaki ta intanet dillalai ne, la'ada suke karɓa daga otal. Wanda ya zo da kansa ya hutar da otal biyan wannan la'ada, yana da bakin neman ragi.

Tayin makaho

Akwai wani irin ciniki da ya kamata ku sani, musamman masu fita ƙasashen waje. A 1998 wani kamfanin Amurka, Priceline, ya fara wata dabara: mutum ya faɗi abin da zai iya biya, in an sallama a cire kuɗin nan take. A wajen otal, unguwa da darajar masauki kurum mutum yake zaɓa, ba ya jin sunan wurin sai bayan ya biya, kuma ba a mai da kuɗi. Kamfanin ya daina wannan tayi a kan otal a 2020, amma har yanzu ana sayar da ɗakuna da rahusa a ɓoye sunan otal sai an biya. Ga matafiyi shi kaɗai da jakarsa, wataƙila da riba. Ga mai iyali kuwa sayen kifi ne a ruwa, domin wurin kwanan mutum biyu kaɗai akan lamunce, kuma duk tambayoyin nan biyar ba wanda za a yi wa su.

A yi lissafi kafin a biya

In an daidaita, a tambaya: wannan kuɗi da haraji ne ko babu? Tun Fabrairu 2020 harajin VAT kashi 7.5 ne cikin 100, otal da yawa kuma sukan ɗora ladan hidima, galibi kashi 10. Ga misali. A ce an sallama ɗaki a naira 40,000. Haraji 3,000, ladan hidima 4,000, ya zama 47,000. A kwana huɗu 188,000 ke nan, maimakon 160,000 da maigida ya ƙulla a ransa. Naira 28,000 ɗin nan ita ce kuɗin tsarabar kaka da ta maƙwabta.

Kuma a kula da 'yan damfara. In za a ba da kafin alƙalami, a tura shi asusun da ke ɗauke da sunan otal, kada a tura na wani mutum. A sa su rubuto abin da aka shirya duka: kwanaki, da kuɗi, da gyaran da aka yi alkawari, da abin da za a mayar in tafiya ta fasa. A ajiye rasit. Tsaron kaya ya fi ban cigiya. A gari kuma kada a shiga motar da ba a sani ba a bakin titi, a sa otal ya kira direban da ya sani.

Daga ƙarshe, ki ba kowane yaro ɗan littafi da fensir ya riƙa rubuta abin da ya gani kowace rana. Babbansu kuma ki sa shi ya riƙe lissafin abin da aka kashe. In an koma makaranta malamarsa za ta ga amfanin tafiyar.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, amin.