Kwamfutar Hannu A Gaban Direba: Yadda Injin Mota Ke Faɗin Ciwonsa Da Kansa

Duk wanda ya taso a zangunan Kumasi ya san cewa da kunne da hanci ake gane ciwon mota. Tsofaffin makanikanmu na Magazin da ke Suame, da zarar direba ya taka totur sun ji ƙarar inji, sai su faɗa masa ko fulogi ne ko kafireto. To amma motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema a yau ba irin waɗancan ba ne, domin kwamfuta ce ke auna man da za a ba injin da lokacin da wuta za ta kama, kuma ita ce take riƙe da labarin duk abin da ya same shi.

Wani maƙwabcinmu mai tuƙa ƙaramar Toyota Vitz ta haya ne ya fara jawo hankalina ga wannan al'amari. Motar tasa ba ta da allurar da ke nuna zafin inji, sai wata 'yar fitila da ke kawo ja idan abin ya riga ya ɓaci. Rannan tiyon lagireto ya tsage a cikin cunkoson Kejetia, kafin ya lura ya samu wurin tsayawa har gaskit ya ƙone, motar ta yi sati biyu a gareji, ga kuma mai mota yana jiran balas. Bayan ta tashi ne ya ɗaura wata tsohuwar kwamfutar hannu, wato tabulet, a gefen sitiyari. Yanzu zafin ruwan injin a rubuce yake a gabansa da manyan lambobi, kuma ya saita ta yadda za ta yi ƙara tun kafin ya kai ga haɗari.

Yadda abin yake shi ne, tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai ramuka 16, wadda ake kira OBD-II. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu a 2001 ga motocin fetur, sannan a 2004 ga na dizal. Galibi kafar tana ƙarƙashin sitiyari, daidai gwiwar direba. A nan ake soka wata 'yar na'ura da ba ta fi gidan ashana ba, irin wadda aka sani da ELM327, ita kuma sai ta riƙa aika saƙon kwamfutar injin zuwa tabulet ta Bluetooth ko WiFi, ba tare da an ja wata waya ba. Sai a sauke manhaja irin su Torque ko Car Scanner, mutum ya jera agogunan da yake so: juyin inji, gudun mota, zafin ruwa da ƙarfin batir. Masu na'urorin Apple su kula wajen saye, domin yawancin masu araha na tsohon samfurin Bluetooth da Android kaɗai suke aiki.

Amfanin ya wuce kallon lambobi. Injin da ya ɗumama yadda ya kamata yakan zauna a wajen digiri 90 zuwa 100. Idan ya ƙi kaiwa nan bayan doguwar tafiya, mai yiwuwa an cire tamostat, al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, alhali injin da bai ɗumama ba ya fi shan mai. Haka kuma idan inji yana aiki ya kamata a ga kusan bolt 14. In aka ga ya tsaya a 12, altaneta ba ta caji, kuma ana dab da kwana a hanya. Idan fitilar inji ta kama, manhajar za ta fito da lambar laifin. P0300 na nufin wuta tana tsallake a cikin silinda, P0171 iska ta rinjayi mai, P0420 kuma matatar hayaƙin da ke jikin salansa ta yi rauni ko an cire ta. Mai sayen mota ma yana iya gane ko ba a daɗe da goge laifuffuka ba don a rufe masa ido, saboda kwamfutar za ta nuna cewa ba ta kammala gwaje-gwajenta ba.

Sai dai jama'a, kowane allazi da nasa amanu. Tsohuwar Benz 207 da ke jigila a tashoshinmu ba ta da kwamfutar da za a yi magana da ita, kuma wasu tsofaffin motocin da aka ƙera don kasuwar Japan ba sa amsawa. Na'urar mai araha yawanci labarin inji kawai take kawowa, ba ta shiga ɓangaren birki ko jakar iska. Saƙon kan ɗan makara, wani lokaci ma ya yanke, don haka ba ta maye gurbin agogon motar na asali. Wuta ba ta ɗaukewa a wannan kafa ko an zare makulli, wanda ya bar na'urar a jiki kwana da kwanaki zai iya tarar da batir ya sauka. Lambar sirrinta sau da yawa 1234 ce ko 0000, na kusa da mota zai iya haɗawa da ita. Kada kuma a bar tabulet a cikin motar da aka kulle a rana, batirinta zai kumbura. Mafi muhimmanci, a gama duk wani saiti kafin a tashi, ba a bisa titi da fasinja a baya ba.

Abin da ya fi damuna a matsayina na mai hulɗa da matasa shi ne makomar 'yan uwanmu masu koyon aiki. Yaro zai yi shekaru yana wanke sifana a gaban maigidansa, amma in aka kawo motar zamani sai an aika a kira mai na'ura daga wani gareji, shi ya karɓi kuɗin dubawa cikin minti kaɗan ya tafi. Alhali waya tana aljihun kusan kowannensu, kuma wanda ya gama sakandare zai iya karanta abin da manhajar ta rubuta.

Amma kada wani ya ɗauka riƙe tabulet ya mai da shi makanike. Lambar laifi tana nuna inda za a fara bincike ne kawai. P0171 na iya zama tsagaggen tiyo, ko famfon mai da ya gaji, ko dattin da ya rufe sansa, kuma goge lambar ba ya warkar da komai. A nan ne ake bukatar hannun dattawan da suka shekara talatin suna kwance inji.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin matasanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, har da na Nima da Mamobi a Ankara, da su haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya mai inganci, su roƙi wani maigidan gareji ya ba su wuri ranar da babu aiki. Matasa su karanta lambar, shi kuma ya nuna musu inda ciwon yake a jikin inji.