A-Kori-Kura Da Rumfar Kwana: Shawara Ga Mai Nisan Gona

Tun da aka gama madatsar ruwan Bakolori cikin 1978, noman rani ya zauna da gindinsa a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Akwai mutanen Morai da kewaye waɗanda gonakinsu suka yi nisa da gida, har in lokacin yankan shinkafa ya zo, ko awon hatsi a ƙauyuka, mutum ya kan yi kwana biyu ko uku bai ga ɗakinsa ba. Irin waɗannan su ne in Allah ya hore musu su kan so sayen a-kori-kura, su kafa mata rumfa a baya, ta zama abin hawa da rana, wurin kwana da dare.

To, abin da ya kan fara ruɗin mai saye shi ne fenti. Alhali kuwa hanya ce ya kamata ta zaɓa masa mota. A kan kwaltar Gusau zuwa Sakkwato kowace mota jaruma ce. Amma da an sauka an nufi fadama cikin watan Agusta, laka ta jiƙa, nan ne za a san ta ƙwarai. Motar da ƙafafunta na baya kaɗai ke ja ta isa mai fataucin kasuwa da rani. Wanda zai ratsa laka da yashin rafi kuwa, sai mai jan ƙafa huɗu, wadda cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Kada kuma ya yarda da bakin dillali cewa giyar tana aiki. A kai ta cikin yashi a sa ta a gabansa.

Sa'an nan sai maganar makaniki. Tsofaffin direbobi har yanzu suna yabon Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Ba wai ƙarfi suka fi kowa ba, abin da ya sa su farin jini shi ne kowane gareji an san cikinsu. Yau Toyota Hilux ta gaji wannan suna. Motar da in ta lalace sai an aika Kano ko Legas neman kayanta, komi araharta, ranar da ta tsaya a daji ta fi kowace tsada.

Rumfa ita ce inda masu kuɗi suka fi yin ɓarna. A Amurka akwai wani ɗaki da ake ɗorawa bayan irin wannan mota, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki, masu yawon shan iska su ke saye. Wasu sun gani a hoto, sai su sa mai walda ya ƙera musu irinsa da ƙarfe mai kauri. Ga lissafin da ba su yi ba: a-kori-kura irin ta Hilux abin da aka yi ta domin ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, watau kilo 1,000, har da direba da yaransa. In ɗakin ya ci kilo 400, an yi hasarar wurin buhu takwas na takin zamani ke nan. A ƙara durom na ruwa, wani kilo 200 ya tafi. Me ya saura na shinkafa? Har wa yau ɗaki mai tsawo ya kan sa mota ta riƙa rinjaya a gangaren rafi, sifirin kuma ya gaji da wuri. Abin da ya fi shi ne ƙarafa marasa nauyi waɗanda ake kwancewa, da tamfol mai kyau, da gidan sauro, don sauron fadama ba ya jin kunyar baƙo. Da hunturu kuma kada a shiga da gawayi mai wuta a rufe tamfol. Iskar da ya ke fitarwa ba ta da wari, ta kan kashe mutum yana barci.

Saura babbar magana. Dajin Zamfara na yau ba na jiya ba ne. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara, har cikin 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka. Saboda haka kafin mutum ya cika jarkoki, ya tambayi dokar da ke ci a lokacin, kada guzurinsa ya ja masa tuhuma a shingen sojoji. Sabuwar Hilux mai ƙyalli kuwa kama ta ke da ta hukuma, daga nesa ake hango ta. Rumfar nan a kafa ta cikin gari, a ƙofar gidan mai gari, bayan an yi masa sallama an tambaye shi labarin hanya. In ya ce kada a kwana, sai a juya tun la'asar ba ta yi sanyi ba.