"Itace Matarsa": Kuskuren Da Kunne Ba Ya Kamawa A Zaman Marubuta

Darasinmu na yau daga wani zaman marubuta na ɗauko shi.

Duk wanda ya saba halartar irin zaman nan da ƙungiyoyin marubuta ke yi ya san yadda abin yake. A haɗu a ajin wata makaranta ko a ɗakin karatu, mutum ya miƙe ya karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa, sannan a yi masa sharhi. Wannan ya ce tauraron labarin ya cika surutu, wancan ya ce an yi gaggawar rufe labarin. Daga nan sai a gangara kan harkar bugu: kuɗin takarda, zanen bango, yadda za a shigar da littafi kasuwa. Zama ne mai amfani ƙwarai, marubuta da yawa a nan suka goge. Amma akwai wani abu guda da yake wucewa ta gaban kowa, ba a kama shi.

A wani zama da na halarta a Kano, wani matashi ya karanta labari mai daɗi. Muka tafa masa. Da aka tashi sai na roƙe shi ya ba ni takardar in duba. A daidai wurin da asirin labarin ya tonu, wurin da ya sa ɗakin ya yi tsit, ga abin da ke rubuce: "Ashe itace matarsa ta fari." Da bakinsa "ita ce" ya faɗa, mu ma haka muka ji. A takarda kuwa, bawan Allah ya aurar wa mutum itacen girki.

To me ya kawo haka? Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsayin wasali. Ku dubi "baƙi": launi ne, mutanen da suka zo daga nesa ne, harafi ne ma, duk da rubutu iri ɗaya. Marubucin da ke karanta aikinsa ya riga ya san abin da yake nufi, don haka muryarsa ke cike giɓin. Yana ɗaga sauti inda ya dace, yana ja inda ya dace, ko da takardar ba haka ta ce ba. Shi kuwa wanda ya sayi littafin ba ya tare da muryar marubuci. Abin da ya rage masa kawai shi ne tazarar da ke tsakanin kalmomi, da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ, da alamomin rubutu. In waɗannan suka lalace, sai dai ya yi ta canka.

Misalin da na fi so shi ne wannan: "Ya bata kudi." Kyauta ya yi mata, wato ya ba ta kuɗi? Ko kuwa almubazzaranci ya yi, ya ɓata kuɗi? Tazara ɗaya da lanƙwasa ɗaya ne suka raba mutumin kirki da mashiririci. Haka "bata bata ba", wanda sai ka karanta sau uku kafin ka gane "ba ta ɓata ba" ake nufi. Haka kuma "na zata zata zo". Ta farko aikatau ce, ta zato, a haɗe take. Ta biyu kalmomi biyu ne: "Na zata za ta zo."

Wannan "za" ɗin tana wahalar da mutane, alhali dokarta ba ta da tsawo. A ware take: za ka, za ki, za ta, za mu, za ku, za su, za a. A wuri biyu kawai ta narke, "zan" da "zai", domin asalinsu "za ni" da "za ya" ne aka taƙaita. Su kuwa "yana, tana, suna, yake, muka, suka, yakan" a haɗe ake rubuta su. Abin mamaki shi ne yawancinmu juya dokar muke yi, mu rubuta "su na zuwa" a rabe, mu kuma manne "zasu".

Sai mallaka. Gajeruwar mallaka tana manne da sunan da ta biyo: gidansu, motarsa, littafina. Amma a lura da "gidan su Audu". Wannan "su" ɗin ba ta mallaka ba ce, ta Audu da jama'arsa ce, don haka a ware take. Haka "ku ma ku zo" daban, "kuma ku zo" daban. "Akan yi ruwa a watan Agusta" daban, "ya ajiye a kan tebur" daban.

Wani zai ce ai wannan aikin edita ne. Gaskiya ne, amma ina editan yake? Littattafan da suka fito daga gasar 1933, wadda Dakta R. M. East ya jagoranta, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, sai da suka bi ta hannun hukuma aka tace su kafin bugu. An kuma yi manyan tarurruka don daidaita rubutun, har da na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Wato dokokin suna nan, ba yau aka fara su ba. Amma daga shekarun 1980, da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuci shi ne ya koma mai rubutawa, mai tacewa, mai kai wa maɗaba'a da kuɗin aljihunsa. Yanzu ma abin ya fi haka, daga waya kai tsaye ake sakin babi a WhatsApp ko Wattpad. Ga marubuta da dama, wannan zaman na ƙungiya shi ne kaɗai tankaɗen da aikinsu zai bi kafin ya isa ga jama'a. In a can ma kunne kaɗai aka yi amfani da shi, shi ke nan, kuskuren ya tsira.

Shawarata ga masu shirya zama ita ce, kar marubuci ya karanta aikinsa da kansa. A miƙa wa wani wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a ce masa ya karanta abin da ke takardar tsagwaronsa, ba abin da ya hango ana nufi ba. In an rubuta "itace", ya ce itace. Za a yi dariya, ba laifi, wanda aka yi wa dariyar nan da wuya ya sake. Duk inda mai karatun ya yi tuntuɓe ya koma baya, a sa alama. In da hali a buga shafi ɗaya ko biyu a rarraba, kowa da biro a hannu. Kuma don Allah masu gyara a sassauta harshe. Na sha ganin sabon marubuci ya zo sau ɗaya, an yi masa kaca-kaca a kan waƙafi, bai ƙara dawowa ba.

Karin harshe ba kuskure ba ne, kar a haɗa su. In tauraronka Basakkwace ne, bar shi ya ce "mi" a madadin "me". Amma raba kalma da haɗa ta yana nan daram ko a bakin wa aka sa maganar.

Ranar kai aiki maɗaba'a kuma a nemi a ga gwajin bugu a takarda kafin a buga gaba ɗaya. Ba kowane salon haruffa na kwamfuta ne ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ ba. Sai ka gama wahalarka, a sauya salon, ƙofa ta koma kofa ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin. Masu rubutu a waya kuwa ba su da uzuri, Gboard na da Hausa, sai dai a shiga a ƙara ta.

Ga aikin yau, ku gyara mu gani:

"Yace zasu tafi gidan su da yamma, amma itace bata shirya ba, sai ya bata rai ya zauna akan kujera."

Kurakurai bakwai ne a ciki.