Toto Kutunyo: Mawaƙin Italiya Da Hajarsa Ta Fi Shi Yawo

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya mai suna Mann, wanda Amir Khan da Manisha Koirala suka fito a ciki a 1999, zai iya tuna waƙar Nasha Yeh Pyar Ka da Udit Narayan ya rera. Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, karin wannan waƙa ba a Bombai aka ƙirƙire shi ba. Daga ƙasar Italiya ya taso, a hannun wani mawaƙi da ake kira Toto Kutunyo, wanda a rubutunsu suke rubuta sunansa Cutugno.

An haifi Salbatore Kutunyo ranar 7 ga Yuli, 1943 a garin Fosdinobo, ya kuma tashi a La Sifeziya da ke bakin teku, inda mahaifinsa yake aikin sojan ruwa. Da kiɗan ganga ya fara, kafin ya kafa ƙungiyar Albatros. A 1975 ƙungiyar ta fitar da wata waƙa mai suna Africa, wadda ba ta yi wani tashe a gida ba. Amma da mawaƙin Faransa Jo Dasan ya karɓi karin, aka sa masa kalmomin Faransanci da sunan L'Été indien, sai ta zama ɗaya daga cikin manyan waƙoƙin wannan shekara a Faransa, ta kuma bi gidajen rediyo zuwa ƙasashen da ake jin Faransanci.

Daga nan ne Kutunyo ya zama tamkar babban ɗan sari wanda ƙananan 'yan kasuwa da manya suke ɗaukar kaya a wurinsa. Ya tsara wa Dalida kari, ya tsara wa Mishel Sardu, haka kuma ɗan ƙasarsu Adiriyano Celentano. Mai sauraro yakan san muryar wanda ya rera, amma a tsarin Turai, duk lokacin da aka sa waƙa a rediyo ko aka sayar da faifai, akwai kason da ake ware wa wanda ya tsara ta, kuma akwai hukumomin da ke tattara wannan kuɗi, kamar SIAE a Italiya da SACEM a Faransa.

Waƙarsa da ta fi kowace fice ita ce L'Italiano, ma'ana Ba'italiye. Kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, tunaninta ya zo masa ne bayan wani wasa da ya yi a Toronto ta ƙasar Kanada, a gaban 'yan ci-ranin Italiya da ke kewar gida. Shi da marubuci Kiristiyano Minellono sun shirya ta ne don Celentano, amma Celentano ya ce ba ya so. Kayan da mai saye ya ƙi, sai mai su ya kasa da kansa. Kutunyo ya kai ta gasar Sanremo, babbar gasar waƙa ta Italiya, a 1983, inda ta zo ta 5. Waƙar tana zana Italiya da ƙananan abubuwan yau da kullum: taliya, kofi, rediyon mota, da shugaban ƙasa wanda ya taɓa yin yaƙin sunƙuru. Waɗanda suka bar gida neman abinci suka riƙe ta kamar taken ƙasa. A Finlan wani mawaƙi, Kari Tapiyo, ya juya ta da harshensu, ya mai da Ba'italiyen ɗan Finlan, kuma wannan karin ne ya ƙarasa cikin fim ɗin Mann bayan shekara 16.

A gida kuwa, labarin ya sha bamban. Sau ɗaya kawai ya ci Sanremo, a 1980, da waƙar Solo noi. Bayan haka sau 6 yana zuwa na biyu, har aka laƙaba masa sunan mai zuwa na biyu har abada. Masu sharhi a jaridun Italiya sun daɗe suna kallon waƙoƙinsa a matsayin na talakawa marasa zurfi. Amma kasuwarsa tana waje, musamman a Rasha da sauran ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda yake cika manyan ɗakunan taro. A 2013 ya rera L'Italiano a Sanremo tare da mawaƙan rundunar sojan Rasha. Wannan kusanci ya jawo masa matsala a 2019, lokacin da wasu 'yan majalisar Yukiren suka nemi a hana shi shiga ƙasarsu, zargin da ya musanta.

Akwai kuma waƙar da ta shafi iyaka kai tsaye. A 1990 ya lashe gasar Eurovision ta ƙasashen Turai da Insieme: 1992, wato Tare, wadda ke murnar shirin haɗe kasuwannin Turai. Shirin ya tabbata ranar 1 ga Janairu, 1993, lokacin da kaya suka fara ratsa ƙasashen ƙungiyar ba tare da tsayawa a shingen kwastan ba. Sai dai a birnin Zagreb na Yugosilabiya aka yi gasar, kuma shekara ɗaya bayan haka ƙasar ta fara wargajewa cikin yaƙi, sababbin iyakoki suka tsiro inda a da babu. Wanda rufe iyakar Nijeriya a 2019 ya tsayar masa da kaya a hanya ya san bambancin da ke tsakanin alkawarin buɗe iyaka da buɗewar kanta.

Kutunyo ya rasu a wani asibiti a Milan ranar 22 ga Agusta, 2023, yana da shekara 80, bayan doguwar jinya. A wurin jana'izarsa, jama'ar da suka taru a ƙofar coci sun yi masa rakiya da waƙar nan da Celentano ya ƙi karɓa.