Safe Lissafi, Yamma Kiɗa: Sakandaren Fasaha na Gwamnati a Amurka

Ranar 31 ga Mayu, 2019, ɗaruruwan ɗaliban wata sakandare a birnin New York suka fito daga azuzuwa sanye da baƙaƙen kaya, suka yi zaman dirshan a cikin ginin makarantar. Makarantar ta gwamnati ce, ba a biyan ko sisi, saboda haka kukansu bai shafi kuɗi ba. Abin da ya tayar musu da hankali shi ne, a ganinsu, hukumar makarantar ta karkata ga neman maki da darussan share fagen jami'a, ta soma tauye kiɗa da rawa da zane da wasan kwaikwayo, waɗanda su ne suka kawo su wurin tun farko. Kafin ƙarshen watan Yuni, shugabar makarantar, Lisa Mars, ta bar kujerarta.

Sunan makarantar LaGuardia, kuma ita ce mafi shahara cikin wani rukunin makarantu da ke ɗaukar wa kansu alkawari biyu a lokaci guda: su horar da yaro a fannin fasaha kamar wanda zai ci abinci da ita, su kuma shirya shi shiga jami'a kamar kowane ɗalibi mai hazaƙa. Alkawarin yana da daɗin faɗa. Cika shi ne ya shafe kusan shekara casa'in yana ba malamai da iyaye wahala.

Asalin abin daga magajin garin New York ne, Fiorello LaGuardia, wanda ya riƙe birnin daga 1934 zuwa 1945. Mahaifinsa shugaban makaɗan badujala ne a rundunar sojan Amurka, don haka da kiɗa ya tashi a kunnensa. A 1936, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, ya sa aka buɗe makarantar kiɗa da zane a unguwar Harlem, domin ɗan talaka mai basira ya sami horon da a da sai mai hali ke iya saya wa ɗansa. A ƙarshen shekarun 1940 aka buɗe wata ta rawa da wasan kwaikwayo a titi na 46, daf da manyan gidajen wasa na Broadway. An haɗe su a takarda a 1961, amma sai a 1984 suka koma gini ɗaya kusa da cibiyar Lincoln Center. Kafin nan fim ɗin Fame na 1980, wanda Alan Parker ya ba da umarni, ya riga ya kai labarin makarantar titi na 46 ko'ina a duniya. Al Pacino ya zauna a bencinta ko da yake bai gama ba. Jennifer Aniston, Nicki Minaj da Timothée Chalamet duk ɗaliban LaGuardia ne.

Sunayen taurari kan rufe wa mutum ido daga ganin yadda yinin ɗalibi yake. Yaron LaGuardia yana ɗaukar Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da wani harshen waje, yana kuma zana jarrabawar jihar New York da ake kira Regents, wadda matsayinta ya yi kusa da na WAEC a wurinmu. Bayan wannan duka, akwai darasi uku ko huɗu kullum a sashen da aka ɗauke shi: rawa, wasan kwaikwayo, zane, kiɗan kayan kiɗa, rera waƙa, ko aikin bayan fage irin su fitilu, sauti da gina dandamali. Idan wasan ƙarshen zango ya matso, atisaye kan kai dare. Daga nan yaro ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Bronx ko Queens, ga aikin gida na jiran sa.

A makarantar Duke Ellington da ke Washington, wadda Peggy Cooper Cafritz da Mike Malone suka kafa a 1974, an raba yinin gida biyu. Safe zuwa bayan azahar na darussan boko ne, daga nan har ƙarfe biyar na yamma na fasaha. Ɗan wasan barkwanci Dave Chappelle a nan ya gama, kuma ya sha komawa yana tallafa mata. A New Orleans kuwa, cibiyar NOCCA da aka buɗe a 1973 ta daɗe tana bin tsarin rabin yini: ɗalibi ya yi karatun boko a makarantarsa ta unguwa, sannan ya taho ya koyi kiɗa. Ta wannan hanya Wynton Marsalis, Harry Connick Jr. da Jon Batiste suka bi. Sai daga baya cibiyar ta buɗe nata sashen boko na cikakken yini.

Wasu daga cikin makarantun nan siyasar launin fata ce ta haife su. Booker T. Washington ta birnin Dallas tun asali sakandaren baƙar fata ce a zamanin wariya. A 1976, bayan umarnin kotu na a cakuɗa ɗalibai farare da baƙaƙe, aka mayar da ita makarantar fasaha, bisa lissafin cewa idan abin da ake koyarwa ya yi armashi, iyaye daga kowace unguwa za su kawo 'ya'yansu da kansu ba sai an tilasta musu ba. Erykah Badu, Norah Jones da mai busa ƙaho Roy Hargrove duk daga can suka fito. Makarantar fasaha ta birnin Houston, wadda Beyoncé ta yi, an buɗe ta a 1971. Ingila ma tana da tata makarantar fasaha, BRIT School da ke Croydon a kudancin Landan, wadda aka buɗe a 1991 da kuɗin gwamnati da tallafin masana'antar waƙa, inda Adele ta yi karatu kyauta.

Rigima mafi zafi a bakin ƙofa take: wa za a ɗauka, kuma da wane ma'auni?

Birnin New York yana da sakandare tara na musamman. Takwas daga ciki ana shiga ne da jarrabawa guda ta lissafi da Turanci. LaGuardia kaɗai dokar jihar ta 1971 ta ware, inda yaro zai tsaya gaban alƙalai ya rera, ya taka, ya busa, ko ya nuna zanensa. Amma ana kuma duba sakamakonsa na ƙaramar sakandare, kuma nauyin da za a ba wannan sakamako shi ne tushen faɗan. Bayan 2013, malamai da tsofaffin ɗalibai suka soma kokawa cewa ana mayar da yaran da suka yi fice a gwajin basira saboda makinsu a wani darasi bai kai ba, ana ɗaukar waɗanda basirarsu tsaka-tsaki ce amma takardarsu ta yi kyau. Dubban mutane suka sa hannu a takardar koke. Masu goyon bayan tsarin suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce: kaɗan ne cikin ɗaliban za su rayu da fasaha kaɗai, saboda haka zalunci ne a sallami yaro da ƙwarewar rawa ba tare da takardar da za ta buɗe masa ƙofar jami'a ba. Ba a jima da tafiyar Lisa Mars ba, sai ga wasu iyayen suna kuka ta ɗaya ɓangaren, cewa ana shirin rage darussan share fagen jami'a da ake kira AP.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma akwai abin da ya fi damun mai wannan rubutu. Maki mai kyau a ƙaramar sakandare yakan bi unguwa da aljihun iyaye. Gwajin basira ma haka yake idan ba a yi hattara ba. Yarinyar da aka saya wa goge tun tana shekara biyar, ana biyan malami yana zuwa gida duk mako, za ta tsaya gaban alƙalai da shiri wanda ɗan direban tasi, ko da kunnensa ya fi nata kaifi, ba zai zo da shi ba. Idan makarantar gwamnati ta tace yara da maki, ta sake tace su da horon da sai mai kuɗi ke samu, to ta yi nisa da niyyar da aka kafa ta a kai a 1936.

Birnin Baltimore ya bi wata hanya da ta cancanci a tsaya a kanta. Makarantar fasaharsa, wadda aka kafa a 1979, ƙarama ce, ɗalibanta ba su wuce ɗari huɗu da 'yan kai ba, kuma wajen ɗauka ba ta duba makin yaro. Gwajin basira kaɗai take yi. Idan yaro ya shigo da rauni a lissafi ko karatu, nauyin makarantar ne ta ɗago shi, domin darussan bokon da za a ɗora masa na shirin jami'a ne ba ragi. Tupac Shakur ya shiga a 1986, yaro daga gidan da ake fama da talauci, ya koyi wasan kwaikwayo da rawar bale, ya hau dandamali a wasannin Shakespeare, a nan kuma ya haɗu da Jada Pinkett. Bai gama ba, domin a 1988 iyalinsa sun koma California.

Makarantar ba ta zauna jiran masu basira su ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Tun farkon shekarun 1980 take gudanar da shirin TWIGS, inda yaran firamare da ƙaramar sakandare na birnin ke zuwa bayan an tashi daga makaranta da ranar Asabar, a koya musu kiɗa, rawa, zane da wasa kyauta. Ran da suka isa shiga gwaji, sun riga sun san yadda ake riƙe kayan kiɗa da yadda ake tsayawa gaban jama'a. Da yawa cikin ɗaliban sakandaren ta nan suka biyo. Wannan aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, amma shi ke sa kalmar "gwajin basira" ta zama gaskiya ga yaron da iyayensa ba su da halin ɗaukar masa malami.

Sau da yawa ana kare irin waɗannan makarantu da cewa kiɗa na ƙara wa yaro ƙwaƙwalwar lissafi. Masu bincike sun fi taka-tsantsan. Ellen Winner da Lois Hetland na jami'ar Harvard sun tattara nazarce-nazarce masu yawa a shekarar 2000, suka ga hujjar cewa koyon fasaha shi ke ɗaga makin sauran darussa ba ta da ƙarfi a mafi yawan fannoni. Daga baya suka shiga azuzuwan zane suka zauna suna kallo, suka rubuta abin da ake koya a zahiri: lura da kyau, naci a kan aiki mai wuya, gyara kuskure, da jure sukar malami da abokai a bainar jama'a. A 2019 Daniel Bowen da Brian Kisida suka fitar da sakamakon wani gwaji a makarantu 42 na Houston, da ɗalibai fiye da 10,000 na firamare da ƙaramar sakandare. Makarantun da aka ƙara wa ayyukan fasaha sun sami raguwar laifuffukan ladabtarwa, rubutun yaran ya inganta, tausayinsu ga juna ya ƙaru. Makin lissafi da na karatu kuwa bai motsa ba, bai hau ba bai sauka ba. Wannan ya isa hujja ga mai adalci: lokacin da aka ba fasaha bai cinye boko ba, kuma ya kawo nasa amfanin.

Saura batun kuɗi, wanda ba ya ɓoyuwa. Ɗakin rawa yana son daɓe na musamman don kada gwiwar yara ta lalace, piyano yana son mai gyara, dandamali yana son fitilu, malaman kuma galibi ƙwararru ne da ke aiki a fagen. Gyaran ginin Duke Ellington da aka kammala a 2017 ya ci fiye da dala miliyan 170, sama da ninki biyu na abin da aka tsara da farko, lamarin da ya jawo suka daga masu ganin sauran makarantun Washington suna da buƙatu mafi gaggawa. Shi ya sa kusan kowace irin wannan makaranta take da gidauniyar iyaye da tsofaffin ɗalibai da ke tara gudummawa don cike giɓin da kasafin gwamnati ya bari. A birnin da ke da attajirai masu son fasaha, gidauniyar kan cika. A ƙananan garuruwa da karkarar Amurka, inda babu su, wasu jihohi sun zaɓi gina makaranta guda ta kwana ga jihar baki ɗaya, kamar yadda Carolina ta Arewa ta yi a Winston-Salem a shekarun 1960, inda ɗaliban sakandare ke karatu a harabar da manyan ɗalibai masu neman digiri suke.