Labaran da Coci Ta Gada: A Karɓa Ko A Watsar?



Kullum sai ka ga matasa na cacar baki a intanet kan farkon Kiristanci. Wannan ya ce duk abin da coci ta gada gaskiya ne, wancan ya ce duk ƙirƙira ce. Ni dai a ganina, duka sun yi gaggawa.

Mu ɗauki mutuwar Manzo Bitrus. Coci ta ce an gicciye shi a Roma zamanin Sarki Nero, kansa a ƙasa. To, mu bi a hankali.

Tasitus, marubucin Romawa wanda ba Kirista ba, ya rubuta cewa Nero ya karkashe Kiristoci bayan gobarar Roma ta shekarar 64. Wasiƙar Kilemas, wadda aka aiko daga Roma wajen shekarar 96, ta ambaci wahalar Bitrus da mutuwarsa. Tazarar kusan shekara 30 ce kawai.

Zancen kai a ƙasa fa? Sai ƙarshen ƙarni na 2 ya ɓullo, a littafin Ayyukan Bitrus, wanda har kare mai magana akwai a ciki.

Ka ga ke nan, labari ɗaya ne amma ƙarfinsa ba ɗaya ba. Kisan a Roma yana da madogara, yadda aka gicciye shi kuwa hujjarsa na da rauni.

Don haka kafin ka yaɗa ko ka ƙaryata, tambayi kanka: wa ya fara faɗa? Bayan shekara nawa? Akwai shaida daga waje? Wanda ya san isnadin hadisi, wannan ba baƙon aiki ba ne a wurinsa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.