Katin bashi da makin jirgi: Za su iya kai ɗan Dutse Umara kyauta?

A ’yan shekarun nan bidiyoyi sun yawaita a Facebook da TikTok, inda wasu mazauna Amurka da Ingila ke nuna yadda suka hau jirgi zuwa Dubai ko Istanbul ba tare da sun biya kuɗin tikiti ba, sai da makin da suka tara a katin banki. Ma’aikacin da ke sakateriyar Dutse, ko ɗan kasuwar da ke sayen riɗi da zoɓo a Shuwarin da Gujungu, idan ya kalli irin wannan dole ya yi sha’awa, musamman yanzu da kuɗin Umara ya fi ƙarfin albashin mutane da yawa.

Abin da suke nunawa gaskiya ne a can. Sai dai kafin mutum ya nufi banki neman katin, ya kamata ya san daga aljihun wa wannan kyauta take fitowa.

Katin da akasarinmu ke riƙe da shi, wanda muke kira katin ATM, kuɗin mai shi yake cira daga asusunsa. Katin bashi kuwa kuɗin banki mutum yake kashewa, a ba shi wa’adi ya biya, in wa’adin ya wuce kuɗin ruwa ya fara hawa. Kamfanin Diners Club ne ya fara yaɗa irin wannan kati a Amurka a 1950, sannan Bank of America ya fito da nasa a 1958, wanda daga baya ya zama Visa. Tsarin tara maki na kamfanonin jirage ya bunƙasa ne daga 1981, lokacin da American Airlines ya buɗe shirinsa na AAdvantage. Da tafiya ta yi tafiya, bankuna suka fara sayen makin daga kamfanonin jirage a kan sari, suna raba wa masu katinsu don su ƙara kashe kuɗi da shi.

Kuɗin da bankin ke sayen makin yana fitowa ne daga wurare biyu. Na farko, duk lokacin da aka yi ciniki da kati, mai shago yana barin wani kaso ga bankuna, kuma a Amurka wannan kaso yakan kai kusan kashi biyu cikin ɗari. Na biyu shi ne kuɗin ruwa da tarar da ake karɓa daga waɗanda suka kasa biya a kan lokaci. Wato mai shago da wanda bashi ya danne su ne ke ɗaukar nauyin tafiyar mai bidiyo. Shi ya sa da Tarayyar Turai ta ƙayyade kason a kashi 0.3 cikin ɗari a 2015, ladar katunan ƙasashenta ta yi ƙasa sosai.

Lissafin a Najeriya

A nan gida, a ƙa’idarsa ta 2020, Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade abin da ake cira daga mai shago a kashi 0.5 cikin ɗari, kada kuma ya wuce Naira 1,000 a ciniki ɗaya. A bisa wannan ƙa’ida, ko da ɗan kasuwa ya sayi kayan Naira miliyan biyu da kati, Naira 1,000 ce za a raba tsakanin bankuna da kamfanin katin. Bankin da ya samu ɗan abin da bai kai wannan ba, da me zai saya wa mutum kujerar jirgi? Ga shi kuma cinikin hatsi da dabbobi a kasuwanninmu da tsabar kuɗi ake yin sa ko ta tura kuɗi a waya, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke kawo maki.

Mu ɗauki misali, mu kuma yi wa bankin kyakkyawan zato. A ce ma’aikaci yana kashe Naira 300,000 da kati kowane wata, ana ba shi ladar kashi ɗaya cikin ɗari. Ya samu Naira 3,000 a wata ke nan, Naira 36,000 a shekara. In tikitin zuwa Jidda da dawowa ya tsaya a Naira miliyan ɗaya, sai ya yi kusan shekara 28 yana tarawa, kuma hakan in farashi bai motsa ba.

Yanzu a juya lissafin. A ce albashi ya makara ko wata lalura ta taso, ya kasa biyan wannan Naira 300,000 a wata ɗaya, kuma ruwan katin kashi uku ne a wata. Naira 9,000 ta hau kansa, ladar wata uku ta tafi a zama ɗaya, ban da tarar jinkiri da kuɗin sabunta kati. Ba abin mamaki ba ne ruwan ya yi tsada, tunda shi kansa Babban Banki ya kai ma’aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne abin da takardar banki ke kira mafi ƙarancin biya. Ana nuna wa mutum ɗan ƙaramin adadi, a ce in ya biya shi bai saɓa alkawari ba. Haka ne, amma ragowar bashin na nan yana haihuwa kowane wata, kuma a yawancin katuna sabon cinikin da ya yi ma ya rasa rangwamen wa’adi. Cire tsabar kuɗi da katin bashi ya fi muni, domin galibi daga ranar ake fara lissafin ruwa.

Guduwa kuma ta yi wuya. Tun daga Agustan 2020 akwai tsarin GSI na Babban Banki, wanda ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗinsa daga asusun da ke wani banki, ta hanyar lambar BVN. Sunan mai taurin bashi yana kuma shiga kundin kamfanonin da ke tattara tarihin masu karɓar rance, irin su CRC da FirstCentral, sai ranar da ya nemi rancen gida ko na noma ya tarar da ƙofa a rufe. Ga ma’aikacin da albashinsa ne jinginar katin, bankin ma ba ya buƙatar sallama kafin ya ɗauki nasa.

Akwai kuma batun addini, wanda mai niyyar zuwa Makka ba zai tsallake shi ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyadh a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu’amala da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi yana da niyyar biya kafin wa’adi ya cika. Wanda ke son ya bi ta wata hanya yana iya tambayar bankunan da ba sa mu’amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ya ga irin yarjejeniyar da suke da ita, ya kuma kai wa malamin da ya amince da shi ya duba.

Makin da ake asara ba a sani ba

Wani abin takaici shi ne, yayin da wasu ke neman maki ta hanyar bashi, ’yan kasuwarmu da ke zirga-zirga suna zubar da makin da ya riga ya zama haƙƙinsu. Duk manyan kamfanonin jirage suna da shirin tara maki, kuma rajistarsa kyauta ce, ba ta buƙatar katin banki. Ethiopian yana da ShebaMiles, EgyptAir yana da EgyptAir Plus, Qatar Airways, wanda ya fara sauka a Kano a 2022, yana da Privilege Club, Saudia kuma Alfursan. A cikin gida Air Peace yana da Peace Advantage.

Mutumin Dutse da zai fita waje yawanci ta filin jirgin Malam Aminu Kano yake bi. In yana zuwa Guangzhou ko Alƙahira sau biyu ko uku a shekara, makin da zai tara yana da auki, domin tafiyar na da nisa. Dabarar ita ce kada ya warwatsa su. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, saboda haka lamba ɗaya ta isa a zuba makin dukkan ukun. Wanda ya buɗe asusu uku zai wayi gari da ’yan maki a ko’ina, babu inda suka isa sayen komai.

Matsalar da aka fi samu daga wajen ejan take. Yawancin ’yan kasuwa ejan ke yanka musu tikiti, kuma in ba a ba shi lambar memba ba, ba zai saka ba. Sunan da ke kan asusun makin dole ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Wanda ya rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, zai sha jeka-ka-dawo. A kuma adana katin shiga jirgi, domin kamfanoni sukan karɓi ƙorafin makin da bai shiga ba cikin wasu watanni bayan tafiya.

Su ma waɗannan makin suna da iyaka. Tikiti mafi araha yakan ba da kaso kaɗan na makin, wani ma babu. Suna da ranar mutuwa, a wasu kamfanonin bayan shekara uku. Kamfani na iya ƙara yawan makin da ake buƙata a kowane lokaci, don haka ajiye su shekara da shekaru ba hikima ba ce. Tikitin da ake kira na kyauta kuma sai an biya harajin filin jirgi da ƙarin kuɗin mai. Kujerun maki ’yan kaɗan ne a kowane jirgi, kuma neman su a goman ƙarshe na Ramadan kamar neman ruwa ne a tsakiyar bazara. A ganina, ɗan kasuwa ya fi cin riba idan ya yi amfani da makinsa wajen ƙarin nauyin kaya, ko tikitin cikin gida, ko Umara a watannin da babu cunkoso.

Aikin Hajji kuwa ya fita daga wannan lissafi gaba ɗaya. Alhazan da ke tashi daga filin jirgin Dutse ta hannun hukumar alhazan jiha suna cikin jigilar da Hukumar NAHCON ta tsara ne, kuɗin jirgi na cikin kuɗin kujera, babu wurin saka maki.

Ga wanda zai yi amfani da kati a ƙasar waje, canji ya fi maki muhimmanci. A 2022 bankuna suka rage abin da ake iya kashewa da katin Naira a waje zuwa Dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka dakatar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi, kowane da iyakarsa. Kafin tafiya a tambayi banki iyakar da farashin canjinsa. In na’urar shago a Makka ko Dubai ta ba da zaɓi tsakanin kuɗin ƙasar da wani kuɗi, a zaɓi Riyal ko Dirhami, domin canjin da na’urar ke yi da kanta ya fi tsada. Duk wanda ya bugo waya yana cewa maki za su mutu sai an karanta masa lambar sirri da ta shigo, ɗan damfara ne.

Abin da ya fi kusa da burin mai kallon bidiyon nan shi ne ajiya mai manufa. A 2020 NAHCON da bankin Jaiz suka ƙaddamar da tsarin adashen gata na Hajji, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa a hankali, ana juya kuɗin ta hanyar halal, ana ƙara masa rabonsa na riba. An kwaikwayi tsarin Tabung Haji na Malesiya ne, wanda aka kafa tun 1963. Shi ma yana da rauninsa, wanda shi ne raunin Naira: kujerar da ta tsaya kusan Naira miliyan uku a 2023 ta haura miliyan takwas a 2025, bayan an saki farashin canji. Wanda ya fara ajiya da tsohon lissafi ya ga wurin da yake nufa yana ƙara nisa. Duk da haka kuɗin da ya tara nasa ne, suna nan a asusunsa, kuma babu wanda zai taɓa albashinsa a kansu.

Ɗan kasuwar da ke samun Dala ta hanyar fitar da riɗi ko zoɓo yana da wata dama, wato ya ware wani kaso a asusun ajiyar kuɗin waje, tunda da Dala ake ƙiyasta tikiti da masauki. Ma’aikaci kuma yana iya umartar bankinsa ya riƙa cire wani adadi a ranar da albashi ya shiga, ya tura asusun da ba shi da katin cira, ko ya bi ta ƙungiyar gama-kai ta ma’aikatarsu. Naira 36,000 ɗin da katin misalinmu zai bayar a shekara, wanda ke ajiye Naira 20,000 a wata ya wuce ta kafin wata na biyu ya ƙare.